Mai Gadin Dawa: Mutumin da Ke Kwana a Tudu Saboda Ƙwai Huɗu

A arewacin Ingila da Sikotilan, inda gonaki ke ƙarewa tuddai masu sanyi su fara, akwai mutanen da ake biya albashi don su hana yanyawa da hankaka sakat. Daga watan Fabrairu zuwa Yuli ba su san barcin kirki ba. Dare ya yi suna bisa tudu da bindiga, gari ya waye suna zagayen tarkuna. Su ne masu gadin dawa, kuma a 'yan shekarun nan sana'arsu ta faɗa tsakiyar wata gardama mai zafi a ƙasar: shin ya dace a kashe wata halittar daji domin wata ta rayu?

Asalin sana'ar ba ruwanta da tausayin tsuntsu. Attajirai da masu sarautar Birtaniya suna da manyan filaye da suke harbi a ciki don nishaɗi, sai su ɗauki mutum ya kula musu da abin harbin, ya kori ɓarayin farauta, ya kuma kashe duk wata dabba da za ta riga maigida ci. Ƙidayar jama'a ta 1911 ta nuna masu wannan aiki sun haura 23,000. A wancan zamani duk abin da ke da akaifa ko lanƙwasasshen baki abokin gaba ne. Shaho, mikiya, mujiya, kyanwar daji, babu wanda aka ƙyale, kuma akan rataye gawarwakinsu a jikin shinge domin in maigida ya zo wucewa ya ga ana aiki. Wasu halittun sai da suka kusa ƙarewa a tsibirin baki ɗaya. Yau masu riƙe da aikin a matsayin cikakkiyar sana'a ba su wuce 'yan dubbai ba, doka kuma ta hana su taɓa akasarin abin da kakanninsu suka kashe. Amma tsohon tabon bai goge ba, kuma shi ya sa har gobe jama'ar birni ke yi musu kallon hadarin kaji.

Tsarin aikin bai sauya sosai ba. Akwai babban mai gadi, akwai yaransa, kowanne da yankin da aka damƙa masa. Mai fili ne ke ba da gidan zama da mota ko babur mai ƙafa huɗu, karnuka kuma ba sa rabuwa da mutum. Da yawa gadon sana'ar suka yi, wasu kuma sukan bi ta kwaleji, irin ta Sparsholt da ke kudancin Ingila, kafin su kama aiki a ƙarƙashin wani tsohon hannu. A tuddan arewa, abin da ake biyansu dominsa shi ne wata jar tsuntsuwa dangin makwarwa, wadda ake buɗe harbinta ranar 12 ga Agusta kowace shekara. Ita wannan ba a kiwonta a keji, a daji take hayayyafa, a ƙasa take sheƙa. Don haka mai gadinta dole ya rage mata maƙiya. Abin da aka daɗe ana lura da shi shi ne, duk tudun da ake wannan gadi, wasu tsuntsayen da ba wanda ke harbi su ma sun fi yawa a can.

Babba a cikinsu shi ne kalyu, wanda sunansa daga kukansa ya samo asali. Tsuntsun bakin ruwa ne mai dogayen ƙafafu da dogon baki lanƙwasasshe, wanda a jikin tamatar yakan kai santimita 15. Duk Turai babu ɗan'uwansa da ya kai shi girma. Da hunturu yana bakin teku yana tonon tsutsa a cikin taɓo, in Maris ya kama sai ya hau tudu da makiyaya masu damshi, ya koma daidai filin da ya yi sheƙa bara. Sheƙar ba wata aba ba ce, ɗan gurbi ne a cikin ciyawa. Ƙwai huɗu tamatar ke sakawa, ita da mijin su yi ta karɓa-karɓar kwanci na kusan mako huɗu. 'Yan tsakin suna ƙyanƙyashewa suke fara tafiya da kiwo da kansu, amma sai sun yi kamar mako biyar kafin fiffike ya ɗauke su. Ke nan wata biyu cur rayuwar kalyu tana ajiye a ƙasa, inda duk mai ƙafa huɗu zai iya isa gare ta.

Abokin zamansa a waɗannan filaye ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwarmu ne na fadama, jinsinsu ɗaya, sai dai na Turai yana da tukku a ka da baya mai sheƙin kore. Wanda ya taɓa kusantar sheƙar zakaran ƙeƙuwa ya san irin kururuwa da farmakin da yake kaiwa. Na can ma haka yake yi, kuma in suna da yawa a fili ɗaya sukan taru su fatattaki hankaka. In sun ragu zuwa biyu ko huɗu, kururuwar ba ta korar kowa.

Birtaniya ce ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan kalyun da ke hayayyafa a duniya, kuma cikin shekara ashirin daga 1995 ta yi asarar kusan rabinsu. A Disambar 2015 aka sanya shi cikin jan jerin tsuntsayen ƙasar, wato waɗanda halinsu ya fi tayar da hankali. A Jamhuriyar Ailan abin ya fi muni: inda a shekarun 1980 ake lissafa ma'aurata dubbai, binciken da aka yi tsakanin 2015 da 2017 ya samu 138 kacal. Abin da ya sa aka daɗe ba a farga ba shi ne tsawon ransa. Kalyu na iya yin shekara ashirin, an ma samu wanda ya haura talatin. Manomi zai riƙa jin kukansa kowace shekara a bayan gida, ya ɗauka lafiya lau, alhali tsofaffi ne ke dawowa suna saka ƙwai ana cinyewa. Ranar da suka mutu, filin ya yi tsit, babu magaji. Lissafin masana kuwa ba mai tsauri ba ne: in kowane miji da mata za su tayar da ɗa ɗaya cikin shekara biyu, yawansu ba zai ragu ba. Wannan ɗan ƙaramin adadi ne ya gagara a mafi yawan wurare.

Ba yanyawa ce ta fara jawo wannan ba, kuma mai gadin dawa mai gaskiya ba zai ce ita ce ba. Noma ne ya sauya. An zurare ruwan fadamu an mai da su makiyaya busassu. A da sai Yuli ake yankan ingirici, lokacin 'yan tsaki sun tashi. Yanzu tun watan Mayu tarakta ke shiga ta yanke ciyawa ɗanya a adana wa shanu, ta sake dawowa bayan 'yan makonni, ta bi ta kan ƙwai da 'yan tsaki. Alkama da sha'ir da ake shukawa a farkon shekara an koma shuka su tun kaka, don haka kafin lokacin sheƙa sun yi tsawon da ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa ba ya iya zama a ciki. An kuma dasa dazuzzukan katako a kan tuddan da suke fili fetal, suka zama maɓoyar yanyawa da wurin sheƙar hankaki. Tsuntsayen da suka rage sun takure a 'yan gutsattsarin filaye, inda samun su ba wuya.

Su kuwa maƙiyan, ƙasar ta karɓe su. An ƙarar da kyarkeci a Birtaniya shekaru ɗaruruwa da suka wuce, babu sauran babban naman daji da ke taka wa yanyawa birki. Ga mushen tumaki a tudu, ga abin da mota ta take a hanya, ga shara a gari. Nazarin da aka wallafa a 2018 ya nuna Birtaniya tana cikin ƙasashen Turai da suka fi cunkoson yanyawa da hankaki. A yankin Shropshire, wani shiri mai suna Curlew Country ya sa ido a kan sheƙa fiye da 30 a 2015 da 2016, da kyamarori da na'urorin auna ɗumi. Ko ɗan tsako ɗaya bai kai ga tashi ba. Akasarin ƙwan tun kafin ƙyanƙyasa aka cinye su.

A nan ne ake neman mai gadin dawa, kuma aikinsa ya fi ƙarfin ɗaukar bindiga a shiga daji. Kan lokaci ya dogara. Yanyawa tana barbara a tsakiyar hunturu, ta haihu a Maris, don haka bukatarta ta nama tana kai ƙololuwa daidai lokacin da kalyu ke kwanci. Wanda ya kashe yanyawa goma a watan Oktoba bai yi wa tsuntsu komai ba, domin kafin Afrilu wasu sun cike gurbinsu. Sai an fara tun ƙarshen hunturu, a riƙe wuta har 'yan tsaki su tashi. In ƙanƙara ta sauka, gwani yakan fita da sassafe ya karanta sawu: ta ina ta shigo, wace katangar duwatsu ta bi, wane rami take kwana. Da dare sai ya zauna inda iska ba za ta kai mata warinsa ba. A da cocila mai ƙarfi ake haskawa a nemi ƙyallin ido. Yanzu na'urar hangen ɗumin jiki ta karɓi aikin, tana nuna dabba fara sol a cikin duhu daga nesa. Duk da haka akwai tsohuwar yanyawa da ta taɓa tsallake harsashi, wadda za ta sa mutum ya kwana bakwai a sanyi bai sake ganin ko wutsiyarta ba.

Hankaka kuma da wayonsa ake kama shi. Mu a nan kirarinsa shi ne mai da ɗan wani naka, amma na Birtaniya ɗan wani cinye shi yake yi. Yakan hau kan itace ko turken shinge ya zuba ido har ya ga inda uwa ta tashi, sannan ya sauka ya fasa ƙwan. Tarkon da aka fi kama shi da shi ana kiransa Larsen, da sunan wani mai gadin dawa ɗan Denmak da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1950. Keji ne mai ɗakuna. A ɗaki ɗaya ana sa hankaka mai rai, wanda aka kamo daga wani yanki. Hankakin da ke da wurin, miji da mata, ba sa jure ganin baƙo a yankinsu lokacin sheƙa, sai su sauko da niyyar korarsa, su taka sandar da ke tokare da murfi, murfi ya rufe. Doka ta wajabta a ba baƙon abinci da ruwa da inuwa da abin tsayawa, a duba tarkon kowace rana, duk tsuntsun da ba shi ake nema ba a sake shi nan take. Abin mamaki, ƙasar da aka ƙirƙiro tarkon ta haramta shi.

Sai wata 'yar siririyar dabba mai kama da tunku, wadda ke bin gindin katanga da bakin rafi. Ita ana ɗana mata tarkon ƙarfe a cikin ɗan akwati mai ƙofa ƙarama, ko a kan gungumen da aka gitta a rafi, tunda ba ta ganin gada ta ƙi hawa. Tun Afrilun 2020 aka hana amfani da tsohon samfurin tarkon a kanta, aka koma ga waɗanda ke kashewa nan take, ciki har da wanda hukumar kare halittu ta Niyu Zilan ta fito da shi. Tarkon zarge da aka daɗe ana kama yanyawa da shi, yankin Wels ya haramta shi a Oktoban 2023, Sikotilan ta bi sahu a Nuwamban 2024. Dagen Turai kuwa, duk da yana cin ƙwai, dokar 1992 ta kare shi, mai gadi ba shi da ikon taɓa shi. Haka duk wani shaho da mikiya. Ko harbin hankaka ma a ƙarƙashin lasisi ake yinsa, kuma a Afrilun 2019, ana tsakiyar lokacin sheƙa, hukumar Natural England ta janye lasisi uku bayan ƙungiyar Wild Justice ta ƙalubalance su a shari'a. Sai da aka yi makonni ana kai-kawo kafin a fito da sababbi. Mai gadin dawa na yau rabinsa maharbi ne, rabinsa mai cike takardu.

To, aikin yana amfani? An gwada. Daga 2000 zuwa 2008 ƙungiyar bincike ta GWCT ta ware filaye huɗu kusa da Otterburn a Northumberland. Ɗaya an yi masa gadi daga farko har ƙarshe, ɗaya ba a taɓa yi masa ba, biyu kuma aka yi musu musanya a tsakiyar gwajin, domin kada a ce kyawun fili ne ya kawo bambanci. Inda ake gadi, yanyawa ta ragu da kashi 43 cikin ɗari, hankaki da kashi 78. Nasarar tayar da 'ya'ya ta ninka fiye da sau uku: kashi 51 cikin ɗari na ma'auratan kalyu suka tayar da ɗa a filin da ake gadi, kashi 15 a inda ba a yi. Da aka yi musanya, sakamakon ma ya juya. A lura, ko a nan fiye da rabin yanyawar tana nan. Ba ƙarar da ita aka yi ba, an dai sassauta wa tsuntsu ne a watannin da yake ƙasa.

Amma ba ko'ina ake samun irin wannan ba. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta yi gwaji na shekara takwas a fadamu 11, ta gano cewa amfanin yana fitowa ne inda maƙiyan suke da yawa tun farko. Inda ba su da yawa, ba a ga bambanci ba. Wani gwajin nata na baya a kan kalyu a wurare shida bai ba da sakamako irin na Otterburn ba. Abin da nake karantawa a nan shi ne, wannan aiki ba ya karɓar rabi-da-rabi. Ɗan kwangila da zai leƙo sau biyu a mako ba daidai yake da mutumin da ke zaune a kan filin shekara da shekaru, ya san kowane rami ba. Kuma aiki ne irin na noman ciyawa da damina, ka share yau, jibi ta tsiro. Shekarar da aka daina biyan albashi, yanyawa ta dawo.

Shi ya sa ake neman wasu hanyoyin. Ana kewaye sheƙa da shingen lantarki, kuma yana hana yanyawa da dage isa ga ƙwai, sai dai 'yan tsaki na ƙyanƙyashewa suke ficewa ta ƙarƙashinsa, hankaka kuma ta sama yake zuwa. Ana kwashe ƙwai a ƙyanƙyashe su a inji, a yi renonsu har su yi fiffike sannan a sake su. Tun 2021 ake yin haka da ƙwan da ake ɗebowa daga filayen jiragen yaƙi na gabashin Ingila, waɗanda a da fasa su ake yi don kada tsuntsu ya yi karo da jirgi, ana sakin 'ya'yan a Norfolk, ciki har da gandun sarauta na Sandringham. Dabara ce mai kyau, mai tsada kuma, amma tsuntsun da aka raina a keji in ya girma a ƙasa zai yi sheƙa, a gaban yanyawar nan dai.

Don haka masu kare tsuntsaye da yawa sun haɗiye abin da ba sa so. RSPB da kanta tana kashe yanyawa da hankaki a wasu gandayenta in sauran hanyoyi sun gaza, kuma tana bayyana adadin kowace shekara duk da surutun wasu mambobinta. Gwamnatin Ailan, a shirin ceton kalyu da ta fara a 2017, ta ɗauki ma'aikata da ta kira jami'an kare sheƙa, aikinsu kuwa shi ne na mai gadin dawa, sai dai babu maigidan da zai zo harbi a ƙarshen shekara. A tsibiran Orkney, inda dabbar nan mai kama da tunku ta ɓulla a 2010 ba a san ta a can ba a da, tun 2019 ake aikin ƙarar da ita da dubban tarkuna da karnuka masu sansano. Mary Colwell, marubuciyar da ta yi tattakin mil 500 a 2016 daga Ailan zuwa gabashin Ingila don jawo hankali kan kalyu, kuma ta assasa ranar 21 ga Afrilu a matsayin ranarsa ta duniya, ta sha zaunar da masu harbi da masu adawa da su a ɗaki ɗaya, abin da a da ba ya yiwuwa.

Sai dai sana'ar tana da nata laifin da ba a rufewa. Akwai wani shaho mai shawagi ƙasa-ƙasa a kan tuddai, wanda ke cin 'ya'yan jar makwarwar nan. Doka ta kare shi, amma nazarin da aka wallafa a 2019 a kan guda 58 da aka maƙala wa na'urar bin sawu ya nuna kashi 72 cikin ɗari an kashe su ba bisa doka ba, ko kuwa sun ɓace ta hanyar da ke nuna haka, kuma ɓacewar ta fi yawa nesa ba kusa ba a filayen harbi. Ba kowane mai gadi ke wannan ba, amma masu yi sun ja wa sauran. Ga kuma batun filayen harbi na ƙasa-ƙasa, inda ake sakin kajin daji na kiwo fiye da miliyan 50 a shekara bisa ƙiyasin 2016, kuma ko rabinsu ba a harbewa. Ana gardama a kan ko ragowar ce ke ciyar da yanyawa ta ƙara yawa. In ta tabbata haka ne, ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu: sana'ar da ke kashe yanyawa a tudu ita ke yi mata tuwo a kwari. Masu harbi ba sa son a tayar da wannan magana, masu adawa da su kuma ba sa son a ambaci Otterburn.

Ni a ganina kalyu ba zai iya jiran a gama wannan gardama ba. Gyaran noma da dawo da fadamu shi ne maganin asali, amma aikin shekaru ne masu yawa, tsofaffin tsuntsayen da suka rage kuwa ƙarewa suke yi. A wuraren da har yanzu suke taruwa, a ɗauki ƙwararren mai gadi, a biya shi ya zauna, a haɗa aikinsa da manomin da zai jinkirta yankan ciyawa. A daina tambayarsa yanyawa nawa ya kashe, a tambaye shi 'yan tsaki nawa suka tashi a yankinsa, a kuma sa wani daban ya ƙirga. Filin da aka samu da kashe shaho a karɓe masa izinin harbi. Sikotilan ta riga ta sa wannan sharaɗi na ƙarshe a dokarta ta 2024, kuma ya kamata Ingila ta bi.